Tambayar da ba wanda ya yi mini

Ni malamar makaranta ce, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san jarin malami muryarsa. Tun ina ƙarama bakina bai saba da shiru ba. Ni ce mai ba ƙannena labari da dare, ni ake aika idan saƙo mai tsawo ne domin ba na zubar da ko kalma ɗaya a hanya. Da na girma na shiga koyarwa, na yi aure, Allah ya ba mu 'ya mace. Ba ta daɗe da fara zuwa makaranta ba abin da zan ba ku labarinsa ya same ni. Na yanke shawarar rubuta shi ne saboda a kowace rana akwai mutane kwance a ɗakin kulawa ta musamman, wanda wasu ke kira gobe da nisa, idonsu biyu, hankalinsu garau, amma ba su da hanyar cewa ko uffan, na kusa da su kuma sun rasa ta inda za su taimaka musu.

Da gudawa da zazzaɓi abin ya fara, na 'yan kwanaki, na warke har na manta. Can sai na fara jin tsikari a yatsun ƙafa. Takalmi ya riƙa suɓuce mini ban sani ba, hawa matakala ya zama aiki. Kafin mako ya zagayo, alli ya faɗi daga hannuna a gaban yara na kasa riƙe shi. A asibiti likita ya buga gwiwata da 'yar gudumar roba, ƙafar ko motsi ba ta yi ba. Aka ɗebi ruwa a ƙashin bayana, aka gwada jijiyoyi da lantarki, aka ce ciwon Guillain-Barré ne, sunan likitocin Faransa biyu da suka bayyana shi a 1916. Garkuwar jikina ce da ta tashi yaƙar ƙwayar cutar da ta sa ni gudawa, sai ta juyo ta afka wa jijiyoyina. Shanyewar takan faro daga ƙafa ta yi ta hawa sama. Ba ciwo ne mai yawa ba, mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 yake kamawa a shekara, kuma cikin waɗanda ya kama, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 numfashinsu kan gaza har sai an sa musu na'ura. Ina cikin wannan kason.

Ranar da aka kwantar da ni, yarinyata ta tashi da zazzaɓi. Maganar ƙarshe da na yi da bakina kafin a ba ni maganin barci, wa maigidana na yi ta, na ce ya tabbatar an kai ta an duba ta.

Da na farfaɗo, bututu ne a bakina ya wuce har maƙogwaro. Mutane da yawa suna zaton mai bututu ba ya magana ne saboda ya galabaita ko hankalinsa ya gushe. Ba haka ba ne. Murya iska ce da ke tasowa daga huhu ta kaɗa wasu 'yan tsoka biyu a maƙogwaro. Bututun kuwa ta tsakaninsu yake ratsawa, kuma yana da ɗan balan-balan da ake hurawa ya toshe gefensa, don haka duk iskar ta cikin roba take shiga ta fita. Ko ihu ka yi, babu sautin da zai fito. Wasu masu bututun akan ba su takarda da biro su rubuta, ko su yi nuni da yatsa. Ni hannayena sun riga sun tafi. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ni fuskar ma ta shanye, ba murmushi, ba ɗaure fuska. Ido kaɗai ya rage mini da kunne.

Kunnen kuwa ras yake. Ina jin ƙarar na'urori, ina jin takun kowa har na fara gane mutum da tafiyarsa, ina jin likitoci suna tattauna lamarina a gindin gado. Na ji mahaifiyata tana tambayar nas, "Sista, anya tana jin mu kuwa?" Ina kallonta, ina amsa mata a zuciya. Ji nake kamar an kulle ni a ɗaki, ina jiyo hirar da ake yi a kaina a tsakar gida.

Dabarar farko da aka yi mini ita ce ƙifta ido: sau ɗaya eh, sau biyu a'a. Sai dai fatar idona ba ta rufuwa sosai, idon ya bushe yana zafi, sai in yi ta ƙoƙarin ƙiftawa ba don ina amsa kowa ba. Ta haka aka sha rubuta mini eh a inda ban ce komai ba. Wata nas mai lura ce ta gano haka. Ta ce mu bar ƙiftawa, in duba sama idan eh ne, in duba ƙasa idan a'a ne. Ta ɗiga mini magani a ido, ta rubuta tsarin a takarda ta manna a saman gado don duk wanda ya zo ya gani. Allah ya saka mata da alheri, wannan ƙaramin abu ya rage mini wahala mai yawa.

Amma ina so ku tsaya ku fahimci iyakar eh da a'a, domin nan ne zuciyar labarina take. Mai amsa eh ko a'a, sai tambayar da aka yi masa kawai zai iya amsawa. Idan abin da ke cin ransa bai faɗo a tunanin mai tambaya ba, shi ke nan, babu ƙofa. Wannan ciwo yana da raɗaɗi, musamman a baya da cinyoyi, irin na jijiya mai kama da ƙuna, duk da jikin ba ya motsi. Sai a zo a ce, "Malama, akwai ciwo?" In duba sama. "Kai ne?" In duba ƙasa. "Ƙirji?" Ƙasa. "Ciki?" Ƙasa. Kafin a iso bayan, sai na'urar wani gado ta yi ƙara, nas ta ruga, kuma dole ta ruga domin can rai ne a hannun Allah. Idan ta dawo, maganar ta wuce. Ban taɓa riƙe su a zuciya ba, na ga yadda aiki ke cin su. Bayan na warke na karanta cewa wata farfesa a fannin jinya a Amurka, Mary Beth Happ, ta daɗe tana nazarin wannan matsala. A wani bincike da ita da abokan aikinta suka wallafa a 2011, sun ɗauki bidiyon mu'amalar nas-nas da masu bututu, suka gano fiye da kashi 1 cikin 3 na maganganun da suka shafi ciwo ba su kai ga fahimtar juna ba. Da na ga wannan adadi ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Raɗaɗin baya ma da sauƙi a kan abin da ke cina a zuci. A farkon kwanciyata, mahaifiyata ta ambaci sunan yarinyata, hawaye ya zubo mini, bugun zuciyata ya tashi, na'ura ta fara ƙara. Aka ce musu su guji abin da zai tayar mini da hankali, domin ciwon kansa yana dagula bugun zuciya da hawan jini. Sai suka haɗa baki a waje, cikin ƙauna da tausayi, cewa kada wanda ya sake ambaton yarinyar a gabana. Ni ban san an yi wannan shawara ba. Abin da na sani kawai, na bar ta da zazzaɓi, ni ma da zazzaɓi nawa ya fara, kuma yanzu kowa ya daina kiran sunanta. Maigidana zai zo ya ba ni labarin abokan aikina, ya ce wance na gaishe ki, wane ya yi waya, ya tsallake ta. Mahaifiyata za ta yi mini addu'a ta kau da kai tana share ido. Me za ku ɗauka idan ku ne? Na ɗauka ciwon ya kama ta. Da dare, idan magunguna da rashin barci suka haɗu, har gani nake an shigo da ƙaramin gado an wuce da shi ta gabana. A wasu dararen na tabbatar wa kaina ta rasu, suna jira in samu sauƙi su gaya mini. Na yi mata addu'ar da ake yi wa mamaci, a zuciya, ni kaɗai, alhali tana gida lafiyarta lau tana wasa.

Ana tambayata ko ina jin sanyi, ko a juya ni, ko a zuƙe mini majina, ko a kashe fitila. Ba wanda ya ce, "Kina son jin labarin yarinyarki?"

Ƙanena ya kawo allon haruffa da ya rubuta a kwali. Zai riƙa bin layi da yatsa, idan ya zo kan harafin da nake so in duba sama. Dabara ce mai kyau, kuma har yau ina ba da shawararta, amma tana buƙatar haƙurin da mai ƙaunarka ba ya cika samu, domin ɗokin ya taimake ka yakan sa shi riga ka. Na zaɓi Y, na zaɓi A, ina nufin yarinya. Sai ya ce, "Yaushe? Yaushe za ki fita? Yaya, kwanan nan in Allah ya yarda, likita ya ce..." Ya ajiye kwalin ya shiga lallashi. Wata rana kuma aka ce "yanzu" nake nufi, aka shiga laluben abin da nake so yanzu. Lokacin ziyara gajere ne, ni kuma 'yan haruffa kaɗan sun ishe ni gajiya. A ƙarshe idan ya ɗauko kwalin sai in rufe ido iya yadda zai rufu. Suka ce na gaji. Fushi nake yi.

Da aka ga jinyar za ta yi tsawo, aka cire bututun baki aka huda mini maƙogwaro ta wuya aka sa gajere. Maigidana ne ya sa hannu a takarda, a gefen gadona, likita yana yi masa bayani ina ji. Da an tambaye ni da na amince. Amma ba a tambaye ni ba, kuma wuyana ne. Bayan aikin an rage maganin barci, bakina ya samu sarari, sai dai leɓunana ba su da ƙarfin da za a karanta magana a kansu.

A wannan tsakanin ne wata ƙwararriya kan magana da haɗiya ta zo duba ni. Ita ce mutum ta farko da ta ja kujera ta zauna daidai fuskata, ta gaya mini ko wace ce, ta ce, "Malama, na san kina da abin faɗa. Zan kawo wani abu mu gwada." Washegari ta turo wata kwamfuta a kan ƙarfe mai taya. A ƙasan fuskar kwamfutar akwai 'yar sanda baƙa mai ɗauke da kyamara da ƙananan fitilu. Ta yi mini bayani cewa fitilun suna haska ido da wani haske da mutum ba ya gani, kyamarar tana duba inda hasken ya faɗa a ƙwayar ido, daga nan kwamfuta ta lissafa inda nake kallo. Idan na tsayar da ido a kan harafi kamar daƙiƙa ɗaya, sai ta ɗauka na danna shi.

Sai da aka fara saita ta da idona. Wani ɗigo ya riƙa yawo a fuskar kwamfutar, ana so in bi shi zuwa kowace kusurwa. Da farko abin ya ƙi. Hasken taga yana shiga kyamara, aka ja labule. Fatar idona ta sama tana saukowa, aka ɗan ɗaga kan gado, aka sauko da kwamfutar, aka goge mini man da ake sa wa ido. Ƙwararriyar ba ta nuna gajiya ba, ta ce ba laifina ba ne, haka take yi wa kowa da farko. Da ya kama, sai ga manyan akwatuna a gabana: ciwo, ƙishirwa, juya ni, majina, kira nas. A gefe kuma akwai akwatin haruffa. Ta ce in gwada na ƙishirwa don mu gani. Ban kalle shi ba. Na kai idona kan haruffa.

Maigidana yana tsaye, ƙanena ma yana nan. Na zaɓi I, na zaɓi N, na zaɓi A. Idona ya zame ya ɗauko harafin da ban nufa ba, na nemi wurin gogewa na goge. Na zaɓi Y, na zaɓi A. Ƙanena ya buɗe baki, ƙwararriyar ta ɗaga masa hannu ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Ƙyale ta ta gama." Kwamfutar ma tana hasashe, tana jero kalmomi a sama, amma ba ta ɗaukar ko ɗaya sai na zaɓa. Na ci gaba, gumi yana tsatso mini. Da na kai ƙarshe, abin da ke rubuce shi ne: INA YARINYATA TANA DA RAI.

Maigidana ya karanta, ya sake karantawa, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Malama, lafiyarta ƙalau. Wallahi lafiyarta ƙalau. Zazzaɓin kwana biyu ya yi ya sauka. Abin da kike tunani ke nan duk tsawon lokacin nan?" Na duba sama. Ƙanena ya fita da gudu ya kira gida, ya dawo ya kara mini waya a kunne. Na ji muryarta tana cewa, "Umma, yaushe za ki dawo? Haƙorina ya fita." Na'urar bugun zuciya ta yi ta ƙara, nas ta leƙo, ƙwararriyar ta ce mata a bar ta ta yi ƙararta. Da yamma likita ya zo da kansa ya gaya mini cewa wannan ciwo ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum. Magana ce ta daƙiƙa goma. Babu wanda ya san ina buƙatarta.

Daga ranar jinyata ta sauya. Na rubuta cewa ciwon a baya da cinyoyi yake kuma ƙuna yake yi, aka canza mini magani zuwa irin na raɗaɗin jijiya. Na rubuta cewa idan za a juya ni a fara gaya mini, kuma a tallafi ƙafata ta hagu. Na nemi a juyo da agogo inda zan gan shi, domin in san lokutan salla in yi da ido. Na nemi likitoci su riƙa yi mini bayani ni da kaina. Wasu suka fara tsayawa ta gefen da kwamfutar take, suna jira.

Ƙanena, don ya ƙarfafa mini gwiwa, ya ba ni labarin Stephen Hawking, masanin kimiyyar nan na Ingila da ciwon jijiya ya shanye masa jiki. Ya ce a 1985 ciwon huhu ya kama shi a Suwizalan, aka huda masa maƙogwaro, muryarsa ta tafi gaba ɗaya. Da farko da ɗaga gira yake zaɓen haruffa a kati, daga baya aka haɗa masa kwamfuta da yake sarrafawa da madanni a hannu, da hannun ya gaza ya koma amfani da tsokar kumatu, kuma a haka ya yi ta rubutu da lacca har ya rasu a 2018. Nufinsa alheri ne, amma ni abin da na ji shi ne shekara 33 ba murya. Da ba ni da kwamfutar, da na kwana da wannan tsoron kamar yadda na kwana da na farko. Sai na jira likita na rubuta masa: ZAN SAKE MAGANA. Ya gane tambaya ce. Ya zauna ya ce ciwona daban yake da na wancan bawan Allah, nasa gaba yake ci, nawa kuwa yakan tsaya sannan ya fara ja da baya, kuma yawancin masu shi suna sake tafiya da ƙafarsu. Ya ce maganin garkuwa da aka ƙara mini ta jijiya na kwana 5 yana taƙaita ɓarnar ne, gyaran kuwa jiki ne zai yi da kansa, kuma inda jijiya ta lalace sosai kamar milimita 1 take tsirowa a rana. Bai yi mini alƙawarin lokaci ba, kuma na fi yarda da shi saboda haka.

Kada in sa ku zaci na'urar ba ta da matsala. Ana juya mai irin jinyata duk bayan sa'o'i biyu don kada bayansa ya yi gyambo, kuma duk juyi sai saitin ya ɓaci. Idan na kwanta ta gefe, sau da yawa kwamfutar tana can tana kallon bango. Idan na yi kuka ba ta ganin idona, wato lokacin da na fi buƙatarta. Mai shara zai tura ta gefe ya manta bai dawo da ita ba, ko a zare wayarta a jona wani abu. Masu aikin dare da yawa ba a koya musu kunna ta ba, kuma dare ne ya fi tsawo. Akwai daren da na kwana ina hangen ta, tazarar hannu ɗaya tsakaninmu. Da safe na sa aka ƙara layi a takardar saman gado: a mayar da kwamfuta gaban fuskarta kafin a tafi. Kwalin ƙanena ma bai yi ritaya ba, shi ne abin komawa idan ta ƙi, sai dai yanzu ya koyi yin shiru har in duba sama sau biyu, alamar na gama.

Sai maganar murya. Kwamfutar tana iya karanta abin da na rubuta da ƙarfi, amma muryar da ke cikinta ba ta harshenmu ba ce, sai ta dagula kalmomin. Masu karatu suna duba fuskar kwamfutar su gane, mahaifiyata kuwa idonta ba ya ganin rubutu. Ƙwararriyar ta ba iyalina takarda ta ce su rubuto mutanen da na damu da su, da abubuwan da na saba faɗa, da abin da nake so da wanda ba na so. Ƙanwata, wadda muryarmu ke kama, ta naɗi jimlolin ɗaya bayan ɗaya aka sa a akwatuna. Daga baya na gano tunanin ba sabo ba ne. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike a jami'ar Dundee da ke Sukotland suka ƙera wata manhaja mai suna ICU-Talk don masu bututu, wadda ban da jimlolin kowa da kowa take karɓar bayanan mara lafiya daga danginsa. Ranar da na kalli wani akwati muryar ƙanwata ta fito ta ce, "Inna, sannu da zuwa, kin samu kin huta kuwa?" mahaifiyata ta amsa kafin ta tuna daga ina maganar ta fito.

Da wannan kwamfuta na yi gardamar farko tun kwanciyata, kuma da mahaifiyata na yi ta. Na ce ina so a kawo mini yarinyata. Ta ce sam, yarinya ba za ta ga uwarta da roba a wuya ba, abin zai zauna mata a rai har girma. Na fahimce ta, kuma tsoronta ba na banza ba ne. Amma na riga na ɗanɗani abin da ɓoye-ɓoye ke haifarwa a zuciyar babba, balle ta yaro. Na rubuta, a hankali, har idona ya yi ja: ita ma ba wanda ya gaya mata komai, wa ya san me take tunani. Inna ta yi shiru ta ce, "'Yar nan, ke kika haife ta." Aka nemi izinin likitoci suka bayar. Na sa a fara nuna mata hotona a gida, a gaya mata sunan kowace roba da aikinta, a ce mata tana iya fita duk sanda ta so. Da ta shigo ta laɓe bayan babanta. Na kalli akwatin da aka naɗa musamman dominta, muryar ta kira sunanta ta ce ta nuna mini gurbin haƙorin. Ta matso ta buɗe baki. Kafin a tafi har ta gano yadda ɗigon ke bin idona, tana cewa in kalli can, in kalli nan. Babanta ya ce a hanya ta gaya masa da ma ta ɗauka na tafi ne saboda ta ƙi shan magani.

Sauƙi ya zo daga sama ya yi ƙasa. Wuya da kafaɗa suka fara motsi, aka sa mini madanni kusa da kumatu, haske yana bin akwatuna ina dannawa idan ya iso wanda nake so. Da yatsu suka dawo na koma ƙaramar kwamfutar hannu ta taɓawa. Da huhuna ya fara ɗaukar nauyin kansa, aka sace iskar balan-balan ɗin aka ɗaura wani ɗan murfi a bakin bututun wuya, mai barin iska ta shiga amma ba ya barin ta fita ta nan, dole ta bi ta maƙogwaro ta kaɗa murya. Ƙwararriyar ta ce wani matashi ne a Amurka, David Muir, wanda shi kansa yake kan na'urar numfashi saboda ciwon tsoka, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980. Muryar da ta fito siririya ce, a dishe, kalma biyu sai in huta. Bayan nan sai watanni na gashin ƙashi, daga zama zuwa tsayuwa, daga tsayuwa zuwa taku da sanda.

Yanzu na koma aji, ko da yake a zaune nake yawan koyarwa, kuma tafin ƙafata har yau bai gama farfaɗowa ba. Gajiya tana saurin kama ni. Ƙarar wasu na'urori, ko a talabijin ne, takan sa gabana ya faɗi.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne sanin cewa sa'a na yi. Asibitoci da yawa ba su da irin wannan kwamfuta, inda take kuma sau da yawa guda ɗaya ce a kulle a kabad. Binciken da su Happ suka fitar a 2015 ya nuna fiye da rabin waɗanda suka yi kwana 2 ko fiye a kan na'urar numfashi suna samun lokacin da suke farke, da hankalin da za a iya taimaka musu su isar da saƙo. Kayan kuma suna ƙara sauƙin samu. Tun 2017 Windows 10 take da tsarin sarrafa kwamfuta da ido idan an haɗa mata kyamarar da ta dace, a 2024 kuma aka sa irin wannan a iPhone da iPad ta kyamarar gaba. Wanda hannunsa ke motsi ma wayar da ke aljihun mai jinya ta ishe shi, a buɗe masa wurin rubutu da manyan haruffa a riƙe masa. A ganina, duk sashen da ke da na'urar numfashi ya kamata ya kasance da tsarin magana a gefenta, kuma a koya wa masu aikin dare kamar yadda ake koya wa na rana.

Idan naka ne a kwance, ka tambayi likitoci ko akwai mai kula da harkar magana, ka nemi a gwada masa abin da ke akwai. Ku tsayar da alamar eh da a'a guda ɗaya ku rubuta ta inda kowa zai gani, ku ƙara alama ta uku mai nufin ba wannan ba ne, akwai wani abu. Idan yana sa tabarau ko na'urar ji, a mayar masa. Idan ya fara harhaɗa kalma, a bar shi ya kai ƙarshe ko da kun tabbata kun gane. Kada kuma ku yanke masa abin da zai iya ji da wanda ba zai iya ba ba tare da kun tambaye shi ba.

Ni da ƙanwata da wasu nas biyu muna tara jimloli muna naɗa, muna ba duk mai jinyar da ya nema ya sa a wayarsa. Waɗanda suka fito daga irin wannan kwanciya su ne ke gaya mana abin da za mu ƙara. Wata ta ce a sa "ku rufe mini jiki, akwai mutane." Wani dattijo da aka cire wa bututu kwanan baya ya aiko a ƙara masa guda biyu: "ku gaya mini gaskiya" da "ban gama ba." Mun naɗe su a makon da ya wuce, da muryar mace da ta namiji.